Dokin Ƙofar Inna Gambo

Jiya na ji ɗayanku yana cewa aikina bai wuce yawo da sanda a rana ba, wai ko makaho aka ba wa sandar zai iya. Ban yi fushi ba, don ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan muni. Amma tunda kamfani ya ce ku ukun nan ni zan koya wa kafin in ajiye aiki, to ku kifa wayoyinku ku saurara. A takarda sunan aikin duba magudanan ruwa. Mu da muke yinsa bin sawun ruwa muke ce masa, kuma na haura shekara talatin a kai.

Ku haihuwar Makka ne kamar ni, amma ba na jin kun taɓa ɗaga kai kun kalli inda kuke zaune. Garin nan a cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi. Shekara takan wuce ba a ga ruwan kirki ba, har mutane su manta akwai shi. Ran da ya zo kuwa, dutse ba ya shan ko ɗigo, duk abin da ya sauka a kansa sai ya gangaro cikin unguwa a lokaci guda. Wannan ambaliyar ita ce muke kira sail. Kafin injiniyoyi su zana inda za a haƙa magudana, dole a tura wani ya taka ƙasar ya gaya musu ta inda ruwa yake bi. Ni ake turawa.

Aikina na farko a Muzdalifa ne, kwana uku bayan alhazai sun watse. Aka ba ni shebur aka ce in yashe wata doguwar kwata. Me ba mu ciro ba? Silifas wari-wari, tabarmi, karyayyun laimomi, gorunan ruwa, har da tsakuwar jifa da wani ya ƙulle a leda ya manta. Wanda aka haɗa ni da shi wani tsohon Basakkwace ne da ake kira Baba Mai Bokiti, saboda duk inda za shi da bokitin ruwa a hannu, kamar mai shirin wanka a titi. Da muka gama yashewa na yi tsammanin an tashi, sai ya je can saman kwatar ya juye bokitin, ya riƙa bin ruwan a hankali yana kallo. Na tuntsire da dariya. Ya juyo ya ce, “Mi ka gani?” Na ce ban ga komai ba sai tsoho yana ɓarnar ruwa. Ya nuna mini inda ruwan ya tsaya ya taru, alhali a ido wurin gangare ne. Ya ce, “Idonka shina yi maka ƙarya, ɗana. Ruwa ba shi yi, kuma ba shi mance hanyatai.” Ranar sai da muka sake haƙe wurin.

Shekara shida na yi a bayansa. A hannunsa na gaji kayan aikin da kuke raina wa: sandar ƙarfe mai ƙugiya ta ɗaga murfin magudana, ƙaramar diga, ma'auni, alli, fitilar goshi ta shiga ƙarƙashin ƙasa, da bokitin. Ya koya mini karanta leda a jikin ƙaya, don inda leda ta maƙale nan ruwa ya taɓa kaiwa. Ya koya mini duba gindin bango inda siminti ya zaizaye. Amma babban karatunsa dokin ƙofa ne. Ya ce mutanen da, in sail ya shiga gidansu sau ɗaya, sukan ɗaga dokin ƙofa daidai inda ruwan ya kai, su ƙara ɗan kamu ɗaya don kwanciyar hankali. Saboda haka in ka shiga tsohon layi ka ga ana hawa mataki biyu ko uku kafin a shiga gida, ba ado ba ne, ruwa ne ya taɓa zuwa. Babu wanda zai wahalar da gwiwar uwarsa a banza.

Masu shago da masu gidajen haya kuwa, sai kun yi haƙuri da su. Su ne muke yi wa aikin, su ne kuma ba sa son ganinmu. Murfin magudana yana fitar da wari lokacin zafi, tayar akwatin alhaji tana maƙalewa a ciki, don haka sai mutum ya ɗauko tsohuwar darduma ya shimfiɗa a kai, ya danne da bulo. Ka cire yau, gobe ka tarar da wadda ta fi ta kauri. Wani mai sayar da turare a unguwar Aziziyya ya taɓa ce mini, “Ya ammi, baffana, yaushe rabon da a yi ruwa? Ni warin nan kullum nake shaƙarsa.” Gaskiyarsa ce, tawa ma gaskiya ce, mun dai rabu ina riƙe da dardumarsa yana bina da harara.

Yanzu bari in gaya muku shekarar da na ci amanar aikin. Baba Mai Bokiti ya riga ya rasu, ni nake jan ragama, kaina ya fara girma. Aka ba ni wani layi a Aziziyya in duba. Zafi ake yi mai tsanani, na zauna cikin mota da sanyin na'ura na wuce ta layin a hankali. Kwalta sabuwa ful, ƙofofin gidaje duk daidai da titi, babu mai mataki ko ɗaya. Na rubuta cewa babu hatsari na sa hannu, ko ƙafata ban sauke ba. Lokacin sanyi ruwa ya sauko bayan la'asar. A layin akwai wani tela, Malam Sani ɗan Damagaram, yana ɗinkin jallabiya a badrum, wato ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya rufe matakalar kafin ya ankara. Ta ƙaramar taga aka jawo shi, ƙafarsa ta karye, kekunansa uku da kayan mutane duk suka tafi. Bai ƙara buɗe shago ba, da ya warke ya koma gida.

Da ruwan ya janye na koma layin da digata, na haƙa a gefen wata ƙofa. Kamu biyu kawai na yi na ci karo da tsohon mataki, na ƙara haƙawa na ga na biyu. Ashe shekara da shekaru ana zuba kwalta a kan kwalta, titi ya yi ta tashi har ya binne dokin ƙofofin. Karatun yana nan a rubuce, ni ne ban buɗe littafin ba. Babu wanda ya kama ni da laifi, don taswira ma abin da ta ce ke nan. Amma na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har yau in na ga tela a badrum sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar ban sake duba layi daga cikin mota ba.

Aikin unguwar Shisha ya zo ne bayan wannan da shekaru masu yawa. Lokacin an fara babban tsari na yankin gaba ɗaya, daga duwatsun sama har zuwa bakin teku. An kai mu taro Jidda, aka yi mana bayanin cewa teku yana ƙara tasowa a hankali, bakin magudanan da ke zuba a cikinsa ba za su riƙa karɓar ruwa kamar da ba. Saboda haka ba daidai ba ne kowane gari ya kori ruwansa ƙasa da gudu ya bar na gaba da wahala, sai a tare shi tun daga sama, a sake shi sannu a hankali. Na ji daɗin wannan magana, don hankali ne. Sai aka haska taswira a bango, an shafa wa kowane layi launi: ja ga mai hatsari, rawaya ga na tsakiya, kore ga wanda ba ruwansa. Jan layi za a fara yi wa aiki, kore kuwa sai abin da hali ya yi.

Injiniyan da ke kan ɓangarenmu shi ne Faisal, yaro mai ilimi da ladabi. Kakansa Bakano ne, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba, in ya matsu sai ya zarce da Larabci, ni kuma Ammu yake ce mini, wato baffa. Ya ba ni jerin korayen layuka ya ce in leƙa kawai don cika takarda. A cikin jerin akwai wani gajeren layi a Shisha, a gindin dutse. Na shiga da ƙafa na ga ƙofofi daidai da titi, sai gida ɗaya tak a ƙarshen layin mai matakai uku, na ukun ya kusa kai mini cinya. Na tsaya ina aunawa sai ga samari biyu sun fito ɗauke da wata tsohuwa a keken guragu, suna saukowa da ita da ƙyar, tana ta yi musu faɗa kada su kayar da ita.

Ita ce Inna Gambo. Ta zo Makka tana amarya, mijinta ya gina gidan da hannunsa, ya rasu ya bar ta a ciki. Samarin ba 'ya'yanta ba ne, ɗalibai ne daga Zariya da Kano masu karatun addini, su huɗu suna haya a badrum ɗinta, su ne kuma suke ɗaga ta su sauke ta duk ranar da za ta asibiti. Na gaishe ta na ce, “Inna, wa ya yi miki wannan dokin ƙofa kamar katanga?”

Ta ƙare mini kallo ta ce, “Kai ɗan waye da za ka zo kana auna mini gida?”

Na gaya mata aikina. Sai ta saki fuska ta ce, “To, in ruwa kake nema, ba ta titi yake zuwa ba. Ka ga bayan dutsen can? Akwai tsaga. Ta nan ya ɓullo mana ina goyon ɗana na fari, ya kai mini nan.” Ta nuna ƙugunta. “Malam, maigidana, ya ɗaga ƙofar a satin, ya ce ko bayan ransa kada a taɓa ta. Shekara nawa ke nan ina hawa, ɗan nan, gwiwoyin ma a nan suka ƙare.”

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na haƙa gefen ƙofofin maƙwabta huɗu, kowacce na tarar da matakai a binne. Na zagaya bayan dutsen na ga tsagar, an toshe ta da tulin fasassun duwatsu da wani ɗan kwangila ya jibge tun shekarun baya. Na'urar da ta auna ƙasa daga sama ta ɗauka tulin ma dutse ne, shi ya sa ta ba layin kore. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, motoci sun riga sun fara kwashe tulin don a fitar da sabuwar hanya. Suna gamawa, ruwa zai sami tsohuwar ƙofarsa a buɗe, ga tsohuwa da ba ta tafiya a sama, ga mutum huɗu a ƙarƙashin ƙasa. Malam Sani kawai nake gani.

Faisal ya saurare ni har na gama, sannan ya juyo da allon kwamfutarsa ya ce da Larabci, “Ammu Usman, wallahi ina girmama ka. Amma ba zan iya shiga taro in ce a canza launi saboda matakalar wata hajiya ba. Ina dalili?”

Na ce, “In na kawo maka ruwan da kansa ya yi shaida, za ka yarda?”

Ya yi dariya ya ce in kawo. Na san bokiti ba zai isa wannan aiki ba, sai na nemi tankar ruwa guda, irin mai kai wa masu gini. Da hantsi muka hau da ita bayan dutsen inda aka riga aka buɗe gefen tsagar, na ce wa direba ya saki duka. Ruwan ya ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ya kama hanya. Bai bi inda taswira ta ce ba. Ya ratsa tsagar, ya sauko ta bayan gidaje, ya faɗa layin, mu kuma muna binsa a baya, Faisal ya tattare farar rigarsa yana tsallake taɓo. Bai tsaya ko'ina ba sai a gindin matakalar Inna Gambo, daga nan ya fara lallaɓawa ta tagar badrum, ɗaliban suka fito da gudu suna rungume da littattafai. Inna tana zaune a bakin ƙofa ta ce, “Ai ga shi nan, ya gane gida.” Faisal ya ciro waya ya ɗauki hoto. A satin layin ya koma ja.

Kada ku ɗauka daga nan aka fara yi mini tafi. Wata bakwai ana haƙa. Aka gina ƙaramin shinge a bakin tsagar mai tare ruwa ya sake shi kaɗan-kaɗan, aka binne babbar magudana a ƙarƙashin layin, wadda mutum zai shiga a tsaye. Masu shago suka rasa ciniki, ƙura ta hana kowa shanya. Aka gama, sai sama ta ɗauke. Shekara ta farko ba ruwa, ta biyu yayyafi kawai. Mutanen layin suka sa wa aikin suna Ramin Usman, in na wuce wani mai sayar da kayan miya yakan ce, “Ammu, yau ma ba ka zo mana da tankar ba?” Ina dariya, amma a raina na fara tambayar kaina ko tsoron Aziziyya ne ya sa na wahalar da bayin Allah a banza. Faisal ma an yi ta yi masa gori a ofis, bai taɓa gaya mini ba, a bakin wasu na ji.

A shekara ta uku, wata Talata bayan azahar, hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin. Ina gida na ji ƙamshin ƙasa na ɗauki sandata. Ko da na isa Shisha ruwa ya riga ya tsinke, na tarar da motar Faisal a bakin layin, ashe shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Ruwan titi ya kai idon sawu yana ƙara tashi, alhali bai kamata ba. Na soka sanda inda na san murfi yake, na ji laushi. Darduma ce. Murfi biyar ne a layin, huɗu an rufe su an danne da bulo. Muka shiga ja, ni da ƙugiya, Faisal da hannu, ɗaliban suka fito suka kama mana, har mai kayan miyan nan ya zo yana ture bulon da shi ya ajiye, bai yarda mun haɗa ido ba. Muna ɗaga ta ƙarshe ruwan ya juya ya faɗa ciki da ƙugi. Can ƙarƙashin ƙafafunmu kuma muna jin na dutsen yana wucewa, ƙasa har rawa take yi. Na tsaya a gaban gidan Inna na sa ma'auni. Ruwan ya taɓa matakin farko, ya tsaya a rabinsa, bai ƙara ba. Kafin la'asar sakaliya ya fara ja da baya. Na sauka badrum da fitilata na shafa ƙasa da tafin hannu, a bushe take ƙayau. Na zauna a kan matakalar na yi ta hamdala. Ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na ranar ba.

Bayan kwana biyu Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure an zuba mini gahawa da dabino. Ta ce, “Usmanu, tambaya zan yi maka, kada ka yi mini kara. Malam ya ce kada a taɓa ƙofar nan, na kuwa riƙe maganarsa har ƙafafuna suka tafi. Shekara huɗu ban fita ba sai an ɗauke ni kamar buhu. Yanzu ruwan ya sami hanyarsa. In sa a fasa?”

Na sa hannu a takardu da yawa a rayuwata, babu wadda ta yi mini nauyin wannan. Na tashi na sake auna inda ruwan ya tsaya, na sake auna ƙofar, sannan na dawo na ce, “Inna, a fasa. Amma rabi. A yi miki gangare a gefe ɗaya inda kekenki zai bi, da ƙyauren ƙarfe da za a zura in hadari ya haɗu. Ɗaya gefen a bar shi yadda Malam ya gina.”

Ta ce, “Rabin kuma na mene ne?”

Na ce, “Na wanda zai zo bayana ne. Wata rana za a sake zuba kwalta, a sake zana taswira, a manta da ni da ke. Ina so ya tarar da abin da zai karanta.”

Ta ce, “Malam ma da zai yarda da wannan.”

Ran da simintin ya bushe ina wurin. Ɗaliban suka matso za su kama keken, ta daka musu tsawa su ba ta wuri. Ta tura tayoyin da hannunta, ta gangaro a hankali har kan titi, ta tsaya tana kallon layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar baƙuwa. Sai ta ce a je a gaya wa mai kayan miya tana zuwa da kanta, ta ji an ce tumatirinsa ba shi da kyau.

Gobe da safe can za mu fara. Kai mai maganar makaho, kai za ka riƙe bokitin. Rabin matakalar yana nan, zan tsaya a gefe in ji abin da za ka karanta mini.